Nutsewar Nomau a Gulbin Argungu

Tun da na dawo daga Argungu ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a bencin mai shayi na bakin masallacinmu, kafin ya tambayi lafiyar iyalina sai ya ce ya ji tare muka je da Nomau, in ba shi labari. Ba wanda ya tambayi yadda na je, ko inda na kwana, ko abin da na ci. Tambaya duk ta Nomau ce, ni kuwa kamar jakar da ya rataya. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na zauna in rubuta abin sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ilimina aji huɗu ne na firamare, sai shekarun da na yi ina masinja a sakatariya, inda na ɗauki manyan takardun jihar nan ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, in ba wadda gam ɗinta ya saki da kansa ba.

Ga wanda bai san Nomau ba, in akwai shi a Birnin Kebbi, abokina ne tun muna yawo babu wando. Rana ɗaya aka sa mu makaranta, rana ɗaya muka bar ta, kuma na fi shi karatu nesa ba kusa ba, wannan ko shi ba ya musu. Ni na kama aikin gwamnati, shi ya kama wasan kwaikwayo a rediyo. Shi ne manomin nan da yake ƙin takin zamani har malamin gona ya zo ya wayar masa da kai. Ya ƙi taki, ya ƙi rigakafi, ya ƙi haƙa masai, duk abin da hukuma take so a yi Nomau ne yake fara ƙin sa a farkon shiri, ya yarda kafin a rufe. Da fim ya zo sai ya koma can. Ya fito a maigadi, ya fito a mai kawo saƙon rasuwa, ya fito a gawa har matarsa ta daina tashi daga gaban talabijin in an lulluɓe shi. A ƙarshen fim in sunaye suna wucewa, nasa shi ne Tsoho na Biyu. Abin da ya tara bai wuce tsohon babur da 'yar gonar shinkafa ba. Amma mahauci yana yi masa gyara ba tare da ya roƙa ba, ni kuwa da na yi wa jiha hidima sai na yi ciniki kamar baƙo.

Ran wata Litinin bayan la'asar ya zo gidana, ya ƙi zama a waje, ya ja ni cikin zaure. Ya ce bayan shekara talatin da wani abu an ba shi fitowa mai suna. Shi ne Baba Maigora, tsohon masunci da 'ya'yansa suka hana shi shiga ruwa, ya ƙi ji, ya shiga, gulbi ya ci shi. Fim ɗin duk a kansa yake. Na ce masa Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake faɗa wa maƙwabci in ya sayi mota. Sai ya sunkuyar da kai.

"Mamman, darakta ya tambaye ni ko na iya ruwa. Nac ce mashi ni Bakabe na, cikin ruwa anka haihe ni."

"Kai da ko wanka da buta sai ka ruhe ido?"

"Shi na ya kawo ni wurinka."

Ni uwata mutuniyar Argungu ce, a hannun kawuna masunci na tashi, na hau gora, wato ƙaton duman da masunta ke iyo a kai, tun ban yi famfara ba. Dabarar Nomau ita ce ya riga ya gaya wa darakta gwiwarsa tana ciwo, don haka duk abin da za a ɗauka daga nesa cikin ruwa wani ɗan'uwansa zai yi, da rigarsa da hularsa. Tsawonmu ɗaya, sanƙonmu ɗaya, daga baya ko matanmu sai sun yi sallama sun ji murya. Ya ce in asiri ya tonu ba wannan aikin kaɗai zai rasa ba, 'yan fim ba sa manta wanda ya sa suka ɗauko kaya daga Kano a banza, ko gawa ba za a ƙara ba shi ba. Na yarda, kuma ba don tausayi kaɗai ba. Na ce a raina lokaci ya yi da jihar nan za ta ga Mamman. Har sabuwar hula na saya.

Mun tashi ran Laraba da hantsi. A tasha direba yana ganin Nomau ya ce ai ga mutumin da ya ƙi taki, ya kori wani malami daga kujerar gaba, ya share ta da hannun rigarsa. Ni aka cusa ni a baya, mu huɗu, da wata mata mai kaji biyu a kwando da wani ɗan kasuwa da ya ɗora mini buhun busasshen barkono a cinya ya ce minti biyu kawai. Minti biyun nan sai Argungu. Da muka wuce Ambursa an ce fadama ta yi kore shar, shinkafa ta yi kyau bana. Ni ban gani ba, atishawa nake yi. Abin da na gani kawai ƙeyar Nomau, yana ba direba labarin yadda ake riƙe numfashi in an fito a gawa.

Masana sun ce babu boda tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Masanan ba su zauna a kujerar baya ba. A wani shinge, wajen da ake barin ƙasar Gwandu a shiga ta Kabi, aka tsayar da mu. Jami'in ya leƙo, ya ga Nomau, ya kira 'yan'uwansa, aka fito da shi ana dariya ana tambayarsa ko yanzu ya yarda da rigakafi. Za a ɗauki hoto sai aka rasa mai riƙe waya, aka dubi cikin mota aka ce, "Tsoho, taimaka." Na ɗauka sau uku, duk sun ce na sa yatsa. Da aka gama, jakar mutum ɗaya aka ce a buɗe cikin motar nan, tawa. Aka samu sabuwar hula da goro biyar da maganin hawan jini, aka ce mu tafi.

A Argungu 'yan fim sun kama wani masauki mai ɗakuna shida. Akwai takarda da aka liƙa a ƙofa da sunan kowa. Nomau ɗakinsa shi kaɗai, da fanka da labule. Na bi takardar daga sama har ƙasa, na koma daga ƙasa har sama, ko da karatuna ne ya yi sanyi, babu Mamman. Sai na ɗauki jakata na nufi gidan Arzika, ɗan kawuna, taubashina, masunci ne har yau. Ya ganni ya ce wa matansa su ɓoye abinci bawansa ya iso. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure tsakanin homa biyu da ake shanya, wato ragar kamun kifi, na kwana ina warin tarwaɗa. Amma in faɗi gaskiya a kan tuwo: tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi da aka ajiye mini a gidan nan, ko gwamna ya samu sai ya lashe yatsa. Na ci ina jin daɗi cewa 'yan fim taliya suke ci a roba. Washegari na ji cewa mai masaukin ya aika wa Nomau gasasshen giwan ruwa, guda, shi kaɗai.

Yanzu bari in faɗi al'adun mutanen fim, don na zauna cikinsu kwana uku, na zama masani. Mu a nan in mutum ya faɗi magana sau biyu sai a ce tsufa ya kama shi. Su sai mutum ya faɗi magana ɗaya sau bakwai, ana ce masa ya ƙara. Mu muna wanke riga kafin mu shiga mutane. Su na ga an sayo sabuwar riga dal, wata mata ta zauna tana goga mata laka da toka, tana yaga wuyanta da reza, sannan aka ba Nomau ya sa. Ba sa gaisuwa da safe, sai dai a ɗaga hannu. Suna ci a tsaye. Yaro ɗan shekara talatin, wato darakta, yana daka wa sa'an ubansa tsawa, sa'an uban yana cewa to. In ya ce akshin kowa ya mutu, ko tari ba a yi, in ya ce kat kowa ya farfaɗo. Ni na yi sallama a tsakiyar akshin ranar farko, kamar yadda aka koya wa kowane Musulmi, sai da mutum goma suka juyo suka kalle ni, ba wanda ya amsa.

Kwana biyun farko a tudu aka yi, ni ina zaune a inuwa ina kallon Nomau. Na so in samu abin kushewa in kawo muku, kuma na nema da gaske. Akwai wurin da 'yarsa ta fim take ɓoye masa gora, ya zo ya tarar babu. Ya tsaya yana kallon ƙusar da ake rataye ta, ya shafa wurin. Mai riƙe sandar ɗaukar murya, ƙato da shi, na ga yana share ido da kafaɗa. Ni ma wani abu ya shiga idona, amma na tabbata sauran barkonon nan ne.

Rana ta uku ita ce tawa. Aka je wata mashaya ƙasa da gari, inda ruwa yake da zurfi, jajir da laka. Masunta da mata masu wanki da duk wanda ba shi da aiki a Argungu suka cika gaɓa. Aka cire mini sabuwar hulata aka sa mini tsumman Nomau, aka ce in juya wa kyamara baya, kada in kuskura in waiwaya. Na hau gora na kwanta a kanta, na ja ruwa da hannu. Shekara arba'in rabona da ita, amma jiki bai manta ba. Na ji gaɓa ta yi shiru irin na girmamawa. Darakta ya ce ya yi kyau ƙwarai, saura abu ɗaya, in je tsakiya, gora ta suɓuce mini, in nutse.

A nan aka samu matsala. Na saki gora, na shiga ƙasa, kafin in ankara na ganni a sama hannuna a wuyanta. Aka ce kat. Na biyu na ture ta da nisa, sai na ganni ina iyo zuwa gaɓa hankali kwance. Na uku na nutse sosai har ƙasa, hannuna ya faɗa kan tarwaɗa a cikin laka, kuma duk wanda ya tashi a gidan masunta ya san ba a jin tarwaɗa a hannu a sake ta. Na taso da ita a sama. Gaɓa ta ɗauki shewa, darakta ya dafe kai.

"Baba, mutuwa za ka yi, ba cefane ba."

Arzika yana cikin kwalekwalensa kusa da ni, ya ce yadda kowa zai ji, "Ɗan gwaggo, in ka bari gora ta kada ka gaban matan Argungu, kada ka koma min gida." To ka ga an sa ni tsakiya. Na huɗu da na biyar na yi ƙoƙari, na buga ruwa da hannu biyu ina ɗaga kai. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata ta ce tsohon nan riga yake wankewa. Darakta ya nuna mini a 'yar talabijin ɗinsu, na ga gaskiyarta. Na yi shekaru ina cewa abin da Nomau yake yi ko akuya za ta iya in an ɗaura mata rawani. Ran nan na gane mutuwar ƙarya sana'a ce, kuma ba ni da ita.

Rana ta fara karkata. Darakta ya ce gobe da asuba kayan ɗauka za su koma Kano, in ba a samu nutsewar nan yau ba babu fim, sai dai a sake labari a ba wani. Sannan ya juya wurin Nomau da ladabi.

"Baba, ka ga ɗan'uwanka ya kasa. Kai da aka haifa a ruwa, ka daure ka shiga da kanka. Ciwon gwiwa ba ya hana nutsewa. Ma fi kyau, sai mu ɗauki fuska."

Na dubi Nomau. Fuskarsa ta koma kamar ta gawar da ya saba fitowa, sai dai wannan ba a shafa mata komai ba. Ni kaɗai ya kalla. A bakina akwai magana guda, gajeriya, ta hau kan harshe ta zauna: mutumin nan ko a kwatarniya sai ya nutse. Da na faɗe ta a gaban jama'ar nan, da yau ni ake tambaya labari don kaina. Na juya ta, na ɗanɗana, tana da daɗi. Sai na ji bakina yana cewa a ba mu minti goma in duba ƙasan ruwan, kada tsohuwar ƙugiya ta kama shi.

Na ja Nomau da Arzika gefe. Arzika tun ranar farko ya gane, ya ce wanda ya iya ruwa ba ya tsayawa nesa da gaɓa haka yana riƙe da wando. Muka shirya. Akwai wuri da ruwa ya ɗan shanye kaina in na tsaya. Arzika zai tsayar da kwalekwale a gefen da kyamara ba ta kaiwa, in riƙa fitowa bayansa ina shan iska. Zai kai Nomau a kan gora. In Nomau ya zame, zai sauka a kan kafaɗuna, in riƙe idon sawunsa. In durƙusa ya nutse, in miƙe ya taso. In ya ji wuya ya danna mini kunne da babban yatsan ƙafa. Nomau ya ce in rantse ba zan sake shi ba. Na ce wannan zagi ne, amma na rantse.

Ban ji akshin ba, a ƙasa nake, ƙafafuna cikin laka har ƙwauri, ban ga komai sai ja. Sai na ji nauyi ya sauko mini. Duk mai ganin Nomau siriri ne bai taɓa ɗaukarsa ba, gasasshen giwan ruwan nan duk yana ciki. Kaushin ƙafafunsa yana kankare mini fata. Na durƙusa, ya danna kunne, na miƙe. Na sake durƙusawa, ya danna, na miƙe. Arzika ya tallafe shi a kan gora na zagaya na sha iska, aka sake.

A karo na uku ne na yi abin da zan faɗa yanzu, don na tsufa, ba na son in tafi da shi. Na durƙusa, ya danna kunne, ban miƙe ba. Na tuna kujerar gaba da fanka da labule. Ba kashe shi na yi niyya ba, Allah ya sani, so nake ya kurɓa sau biyu ya san wani abu ya wuce shi a duniya. Na ƙirga uku a raina, a natse, irin ƙirgar ma'aikacin gwamnati. Ya danna kunnen nan kamar zai cire shi. Sannan na miƙe da shi.

Da na fito bayan kwalekwale ina haki, gaɓa shiru, sai kukan mata. Aka ce kat, aka jawo Nomau tudu yana amayar da ruwa. Darakta ya rungume shi da jiƙarsa da lakarsa, ya ce tun da ya fara fim bai ga ido irin wanda Baba ya yi a tasowa ta uku ba, ita za a sa, sauran a zubar. Aka lulluɓa masa bargo, aka kawo shayi mai madara. Ni na fito ta cikin kainuwa can ƙasa, kamar yadda aka shirya, na zagayo da ƙafa. Matar kayan sawa ta tare ni ta ce in cire musu tsummansu in na gama wasan ruwa.

A motar dawowa Nomau ya bar kujerar gaba ya shigo baya ya matse kusa da ni, yana tari. Sai da muka kusa Ambursa ya yi magana, a hankali.

"Na ukun nan, ka jinkirta."

"Laka ta riƙe ni."

"Na sani. Irin lakar nan tun muna aji biyu take riƙe ka." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ɓare goro ya ba ni babban ɓarin.

Fim ya fito bayan wata huɗu, sunansa shi ne na farko, an riga an kira shi wani aikin. Makon jiya muna bencin mai shayi, mutane sun taru ana ta yaba nutsewar, wani yana cewa sai wanda ya san ruwa ciki da waje yake iya nutsewa haka. Sai Nomau ya ajiye kofi ya miƙe tsaye. Ya ce shi yana tsoron Allah, ba zai ci yabon da ba nasa ba. Ya ce bai iya ruwa ba ko na taki ɗaya, duk abin da suka gani a kan kafaɗun Mamman aka yi shi, Mamman ne a ƙasa yana riƙe da ransa. Na gyara zama, na gyara hula.

Sai Ladan ya girgiza kai ya ce shi dai bai taɓa ganin tawali'u irin na bawan Allahn nan ba, mutum ya yi aiki da ransa sannan ya ɗauka ya ba abokinsa don kada ya ji ba daɗi. Kowa ya ce wallahi haka ne. Mai shayi ya ƙara wa Nomau madara kyauta. Liman ya juyo gare ni ya ce in gode wa Allah da ya ba ni aboki irin wannan, ba kowa ke samu ba.

Na ce alhamdu lillahi, tunda ba kalmar da ake ƙin faɗa ba ce. Na biya kuɗin shayina na tashi.